Alhamis, gardamata da Auta

Ba a kawo wuta ba sai bayan azahar, safiyar dai a banza ta tafi. Koko da ƙosai, ɗan wanki, shi ke nan.

Ana kawowa na koma kan aikin nan da ba wanda ya aike ni, wato sa wa The Phantom of the Opera na 1925 kiɗa, fim ɗin nan marar magana na Lon Chaney. Ba duka ba fa, wurin da ake tuɓe wa Phantom ɗin, wanda Chaney ya fito a matsayinsa, abin rufe fuska kawai. Yana zaune a ƙarƙashin gidan waƙar Paris yana kaɗa ogan, ita Christine, mawaƙiyar da yake so, ta lallaɓo ta bayansa ta fizge, kuma mu 'yan kallo mu ke fara ganin fuskar kafin ita, hanci a ɗage ido a zurme kamar ƙoƙon kan gawa, wai kuma shi da hannunsa ya yi wa kansa wannan kwalliyar. Sai na bar ogan ɗin yana tafiya a hankali a hankali, tana fizgewa na yanke komai ɗif. Ai daga yatsunsa kiɗan ke fitowa, in ya ɗaga hannu wa zai ci gaba da kaɗawa?

Auta ta shigo neman caza ta tsaya a kaina tana kallo. Ana zuwa wurin sai cewa ta yi, "Yaya, sifikarka ce ta mutu?"

Na ce haka na tsara. Ta ce tab, ita dai na dandamalin ta sani, na Andrew Lloyd Webber da aka fara a Landan a 1986, kun san yadda ta haddace shi a waya. Wai me zai hana in sa kiɗa mai rugugi irin nasu, tunda abin da ya zauna a Broadway, unguwar gidajen wasan New York, daga 1988 har 2023 ai ba da shiru ya zauna ba. Na ce mata ba hanyarsu ɗaya ba. A dandamali mutumin sai ya gama yi miki waƙa ya sace zuciyarki kafin ki ga muninsa, rabin fuska ma kawai ya rufe, sannan wanda ke kujerar can baya me zai hango? Dole kiɗa ya kai masa saƙon. Ita kuwa kyamara har kan hancinki ta kawo miki fuskar, me kuma zan ƙara.

Ta ce to ba kai ka gaya min ba a zamanin ma ba shiru suke kallo ba, akwai mai fiyano ko mai ogan a gaban allo, manyan silima ma taron makaɗa guda? Na ce ƙwarai, amma shi ma mai fiyanon yana da ikon ɗaga hannunsa. Ta taɓe baki ta ce, "Kai dai ɗora shi haka, cewa za a yi data ce ta ƙare."

Dariya na yi a lokacin. Amma wallahi har bayan isha'i maganar na cina, don ita ce dai wadda nake sha a wurin aiki kullum, a cika da kiɗa, kar a bar fili, ana fara kuka a sako sarewa, ana faɗa a sako ganga, kamar ɗan kallo ba zai gane baƙin ciki ba sai an kama kunnensa an ja. Ni kuma in ce to yallaɓai, tunda ba da aljihuna ake yi ba. Yanzu ɗan wannan da nake yi don kaina shi ma ƙanwata ta zo min da zancen furodusa. Mtsw.

Ga kuma wurin da Christine ke rera waƙar Faust ta Gounod, baki na motsi ba murya, labarin mawaƙiya guda fa. Ban taɓa shi ba tukuna, don na san ina sa muryar wata zai koma abin dariya.

Tuwon Umma ya huce kafin in fito, na sha faɗa. Gobe da sassafe kai ta asibiti awon ido, kuma har yanzu cazata na ɗakin Auta.