Giɓin ya rufe: jadawalin jirage a ranar hazo

Salamu alaikum 'yan uwa masu koyo. Alhamdulillahi, samfurin nan na gyara jadawalin jirage da na dame ku da kukansa tun shigowar hunturu ya yi. Daren jiya HiGHS, injin kwamfuta mai warware lissafin, ya fito da amsa cikin 'yan daƙiƙu, giɓi sifili, wato babu tazara tsakanin amsar da ya samu da iyakar mafi kyawun da zai yiwu, kuma wallahi sai da na tashi tsaye don murna.

Ga waɗanda ba su biyo ni ba, kamfanin jiragen na ƙirƙira ne, ni na zana shi a Python. Jirage 8 iri ɗaya, sawu 40 a rana tsakanin Abuja, Legas, Kano, Yola, Bauci da filinmu na Lawanti a nan Gombe. Sai in ce hazo ya rufe Gombe daga ƙarfe 7 zuwa 11 na safe, in bar lissafi ya zaɓi sawun da za a jinkirta, wanda za a soke, da jirgin da zai karɓi aikin wani. Tun 1984 Teodorovic da Guberinic suka fara rubutu a kan wannan matsala, amma mu nan ba sai an ba mu labarinta ba, duk Disamba da Janairu muna ganinta a sararin sama.

Abin da ya hana ni barci shi ne babban M, wato ƙatuwar lambar da ake sawa a sharaɗi don ta kashe shi idan ba a buƙatarsa. Tsarina na farko ya ba kowane sawu lokacin tashi mai motsi, sannan ga baribul (abin da injin zai zaɓa wa ƙima) na sifili ko ɗaya da ke cewa jirgi kaza ya yi wannan sawun ya bi shi da wancan. Sharaɗin kun san shi: sawu na biyu ba zai tashi ba sai na farko ya sauka an ƙara minti 40 na sauke fasinja da shan mai da lodi, idan kuma ba jirgi ɗaya ba ne, M ya kashe sharaɗin. A takarda tsaf yake. Amma da zarar injin ya sassauta, ya yarda baribul ya zama rabi, rabin M kaɗai ya isa ya haɗiye sharaɗin gaba ɗaya. Sai iyakar ƙasa, wato mafi ƙarancin asarar da injin ke ganin za ta yiwu, ta zauna dab da sifili, kamar babu hazo a duniya, injin ya rasa hujjar datse ko reshe guda daga zaɓuɓɓukan da yake bincikawa. Na rage M har iya abin da hankali zai ɗauka, giɓin ya ɗan motsa ya sake cijewa sama da kashi 30 cikin ɗari. Na bar injin CBC na koma HiGHS, duk kanwar ja ce.

Ga kuma ciwo na biyu a ƙarƙashin na farko. Jirage 5 ne ke kwana a Abuja, babu abin da ya bambanta su sai lamba. Kowace amsa guda tana da fuska 120 ke nan, gwargwadon yadda za a jera biyar ɗin, kuma injin yana bin su ɗaya bayan ɗaya yana zaton sababbi ne. Ranar da aka ɗauke wuta na bar shi yana gudu a janareta, man kusan naira dubu goma ya ƙone, na leƙo da asuba na tarar da giɓin inda na bar shi. Wannan kuɗin har yanzu yana min zafi.

Abin da ya warware shi shi ne daina tambayar wane jirgi. A tasha, mai lodi bai damu da lambar mota ba, abin da yake so ya sani shi ne mota nawa ke ƙasa a wannan sa'ar. Na rushe komai na gina ragar wuri da lokaci. Kowane sawu na yi masa kwafi duk bayan minti 10 har jinkirin awa 3, kwafi 19 ke nan, 760 a jimla. Ko dai a ɗauki kwafi ɗaya, ko a soke sawun a biya tararsa. A kowace mahaɗa, wato fili ɗaya a wani lokaci, jiragen da suka shigo su ne za su fita, ta sama ko su ci gaba da zama a ƙasa. Minti 40 ɗin na cusa shi cikin tsawon kwafin. Hazon kuwa, abin da ya fi burge ni, bai buƙaci sharaɗi ba sam: duk kwafin da zai sauka ko ya tashi a Gombe cikin awannin nan huɗu share shi na yi. M ya ɓace, lambobin jirage sun ɓace, kuma tun a sassaucin farko kusan duk baribul ɗin cikakkun lambobi suka fito.

Kada ku manta da sharaɗin dare. Dole yawan jiragen da za su kwana a kowane fili ya yi daidai da bukatar gobe da safe, in ba haka ba lissafi zai gyara muku yau ya lalata gobe.

Tsarin yana da nasa haraji. Jinkirin minti 23 yana zama 30, kuma wannan ƙarin yana bin jirgin har dare yana taruwa. Rage tazarar zuwa minti 5 yana kusan ninka ragar, ni kuwa ban ga dalili ba. Bayan an fitar da hanyar kowane jirgi, sai na kafe hanyoyin na gudanar da ƙaramin lissafi na biyu da ke janyo kowane tashi baya iya yadda zai yiwu. Ko ƙiftawar ido bai ɗauka ba.

Na so in shiga batun matuƙa da ma'aikata a wannan makon, amma ya cakuɗe da na fasinja, domin musayar jirgin da ta yi kyau a raga tana iya barin matuƙi a Yola awanninsa na doka sun cika. Ba ƙaramin abu ba ne. A Disamba 2022 Southwest ta Amurka ta soke sawu kusan 16,700 bayan guguwar sanyi, kuma tsara ma'aikata ne ya fi kayar da ita, har aka ci ta tarar dala miliyan 140 a shekarar 2023. Na sauko da bayanan gasar lissafi ta ROADEF ta 2009, wadda kamfanin Amadeus ya kawo matsalarta, don in gwada kaina da jirage da fasinjoji masu yawa.

Kafin nan akwai abin da ya taso yau da safe. Na ce jirgi ɗaya dole ya kwana a Legas don duba lafiyarsa, wato shi kam lambarsa ta dawo da muhimmanci. Na ware masa ragarsa shi kaɗai, sauran bakwai suna tasu, nan take rabi-rabi suka fara dawowa, ko da yake har yanzu yana gamawa cikin lokaci mai kyau. Fargabata ita ce idan irinsa suka kai uku ko huɗu. Duk wanda ya taɓa gwada dabarar ƙirƙiro hanyoyin jirgi ɗaya bayan ɗaya a PuLP, kayan rubuta irin wannan lissafi a Python, don Allah ya faɗa min yadda ya ciro farashin inuwa (yadda amsa za ta canza idan aka ɗan motsa sharaɗi) daga HiGHS, nan nake tsaye yanzu.