Matar Gizo ta yi saɓa, hannun ya miƙe

Alhamdu lillahi. 'Yan uwa masu wannan kiwo namu na ƙoƙi-ƙoƙi da ake yi mana dariya a kansa, albishirinku: Matar Gizo ta yi saɓa daren jiya, kuma hannun daman nan da ya lanƙwashe ya fito a miƙe. Bai kai na hagu kauri ba, ƙayoyinsa ma gajeru ne, amma yana buɗewa yana rufewa, har na ga ta kai shi baki tana sharewa yadda suka saba. Yaran gidanmu da suka raɗa mata sunan sun fi ni ihu, sai da na kore su waje kada su girgiza teburin.

Ga waɗanda ba su san ta ba, koriyar nan ce babba ta jinsin Sphodromantis da ake samu a lambuna. A jikin zogale na kamo ta nan Zariya ƙarshen damina, tana 'yar mitsitsiya. Gaɓoɓin cikinta shida ne in an ƙirga ta ƙasa, wato mace ce, tunda na namiji takwas ne. Saɓar Oktoba da ta Nuwamba ba su ba ni wahala ba ko kaɗan, sai dai in tashi da safe in tarar da tsohuwar fata tana reto a murfin robar da nake ajiye ta a ciki. Da hazo ya sauko a Disamba ne labari ya canza.

Wancan karon fatar ta tsage a bayan wuya kamar kullum, kai ya fito, ƙafafu suka fito, hannun hagu ya fito, na dama ya maƙale daga gwiwa zuwa ƙasa. Kun san akwai ɗan ruwa tsakanin tsohuwar fata da sabuwa, shi ke sa ta zame, kuma duk aikin bai cika wuce minti 20 zuwa 30 ba. In iska ta shanye ruwan nan kafin ta gama, sabuwar fatar za ta fara tauri a duk yadda ta samu kanta. Na jiƙa tsinken auduga da ruwan ɗumi na dinga ɗiga wa wurin har fatar ta saki, amma hannun ya riga ya daskare a lanƙwashe kamar lauje. Raina ya ɓaci ƙwarai ranar, ko abincin dare ban iya ci ba.

Daga nan ciyarwa ta zama aiki. Za ta ga ƙuda, ta juyo da kai, ta yi rangajin nan nasu, ta kai cafka, ƙudan ya suɓuce. Hannu ɗaya yana kamawa, amma babu na biyun da zai danne, ballantana fara mai harbi da ƙafa. Cikinta ya fara lafewa ina kallo. Abin da ya fisshe mu matsefata ce: in kama fara ƙarama, in cire mata ƙafafun baya da kai, in matse har ruwan cikinta ya ɓullo, in goga wa Matar Gizo a baki. Farkon fari ja da baya take yi, tana ɗaga hannu za ta yi faɗa da ni. Da zarar ruwan ya taɓa bakin, sai ta fara tauna, ta saƙalo abin da hannun hagu, ni kuma ina riƙe da ɗaya gefen har ta gama. Hannuna yakan sage kafin ta ƙoshi. Ranar da ta ƙi komai, ɗigon zuma da aka sirka da ruwa nake ba ta a bakin tsinke. Zuma ba abinci ba ce a wurinsu, tana dai riƙe su na ɗan lokaci.

Samun abincin ma a hunturu wani ciwon kai ne. Ƙudaje sun yi ƙaranci, faɗa-wuta da ke cika jikin fitila da damina sun ɓace. Farar gonakin kayan miya na daina ɗaukowa tun da na ga yadda ake musu feshi. Yanzu tsutsa nake saya wurin wani mai kiwon kifi, in bar ta a kwalba da dusa har ta rikiɗe ta zama ƙuda. Gyare kuwa ba ya kwana a robarta, domin in ya tarar da ita tana saɓa jikinta da taushi, shi zai ci ta.

Amma abin da ya fi cin raina, wanda kuma na zo in yi magana a kansa, shi ne yadda za a samar mata laima ba tare da an kashe ta da sanyi ko fumfuna ba. Masu kiwo a Turai za su ce maka wannan jinsi ba shi da fitina, ka fesa ruwa sau biyu ko uku a mako, laima ta tsaya wajen kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari, shi ke nan. Gaskiyarsu ce a ɗakunansu. Mu nan da tsakar ranar hunturu laimar iska tana faɗuwa ƙasa da kashi 20. Ka fesa ruwa, kafin ka idar da sallar azahar robar ta bushe ƙayau. Sai da na sayi 'yar na'urar auna laima da zafi, naira 7,500, kuɗin da har yau in na tuna sai na yi tsaki, ga shi kuma ita ta nuna min gaskiyar lamarin.

Na fara da toshe rabin ragar murfin da leda. Laima ta hau, amma iska ta daina zagayawa, audugar da na shimfiɗa a ƙasan robar ta fara wari, ragowar fara ta yi fumfuna. Na cire. Sai wani abokina ya ce in lulluɓe robar da jiƙaƙƙen buhun algarara. Laima ta yi kyau sosai, sai dai dabarar da ke sanyaya ruwan randa ita ce ta sanyaya ɗakin Matar Gizo. Dama da asuba sanyin Zariya kan sauko wajen digiri 13 ko 14, buhun ya ƙara rage shi, alhali ita 24 zuwa 30 take so. Ta yi laƙwas a jikin reshe, ta daina karɓar abinci, saɓar da nake jira ta ƙi zuwa. Ni kuwa saɓar ce kaɗai fatana, tunda muddin ba ta balaga ba, kowace sabuwar fata tana iya gyara gaɓar da ta lalace, in ma ƙafa ce ta gutsure takan sake tsirowa a hankali. Da ta yi fukafukai an rufe wannan ƙofa.

Abin da ya yi aiki a ƙarshe ba shi da tsada. Na sa robarta cikin babban bokitin fenti da aka wanke tas. A gindin bokitin na ajiye gorar ruwan ɗumi naɗe da jiƙaƙƙen tsumma, ba ta taɓa robar ba, na rufe bakin bokitin da yadi mai shara-shara. Ɗumi da laima suna tasowa tare, iska kuma tana fita ta sama. Ina sauya ruwan bayan isha'i da kuma asuba. Na'urar ta riƙa nuna laima tsakanin 55 da 65, zafi bai sauka ƙasa da 22 ba. Audugar ƙasa na maye ta da zaren ɓawon kwakwa, ya fi riƙe ruwa kuma bai cika wari ba. Cikin ɗan lokaci ta dawo cin abinci da haɗama.

Wata magana a kan raga, don na ji wani yana shirin yanko gidan sauro ya yi murfi. Don Allah kada ka yi. Gidan sauron da ake rabawa an jiƙa zarensa da maganin kashe ƙwari, kuma a jikin murfin ƙoƙi-ƙoƙi ke wuni a rataye. Ragar ƙarfe ta taga ma tana cinye musu tafin ƙafa. Yadin net na teloli, wanda ake sa wa rigunan yara, shi nake amfani da shi bayan na wanke. Haka nan ɗakin da ake kunna maganin sauro ko a yayyafa fiya-fiya ba wurin ajiye su ba ne.

Da ta sake ƙin abinci a makon nan ban tsorata ba, don wannan karon cikin a cike yake, tana ture ƙuda da hannu maimakon ta kama, ta kafe a tsakiyar murfi kai ƙasa ba motsi. Na kwashe duk wani abu mai rai daga robar, na ƙara jiƙa ɓawon kwakwar, ita kanta ban fesa mata ruwa ba. Wajen ƙarfe ɗayan dare ta fara. Na zauna da tocila na rufe bakinta da yatsu, ina ta salati a zuci. Da aka zo kan hannun dama ta tsaya, ta yi ta karkarwa, na ce shi ke nan an kuma. Sai ga shi ya zaro a hankali, fari fat, a miƙe. Ta yi reto da ƙarshen cikinta a tsohuwar fatar na ɗan lokaci, sannan ta juyo ta kama raga.

Ba zan ba ta komai ba sai ta cika awa 24 aƙalla, kuma da ƙuda zan fara, a sake shi da rai in ga ko za ta kama da kanta. Matsefatar tana nan kusa ko da za a buƙace ta.

Tsiron fukafukanta sun fito sosai a baya, alamar saura saɓa ɗaya ke nan, wadda ta fi kowace haɗari, don sai ta samu sararin da za ta rataya ta hura fukafukan su sauko. Robar yanzu ta yi mata kaɗan. Ƙa'idar ninki uku na tsawon jiki nake bi, macen wannan jinsi kuma takan kai santimita 8, wato 24 aƙalla, don haka ina neman mazubi mai tsayin santimita 30 da zai shiga bokitin, in bai shiga ba in koma baho. Lissafina saɓar za ta faɗo wajen ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris, lokacin da sanyi ya tafi amma iska na nan a bushe, kenan gorar ɗumi za ta fita, tsumman ya zauna. Wanda ya taɓa fitar da babbar mace a irin wannan lokaci ya gaya min yadda ya yi da zafin rana. Kuma in akwai mai namiji da ya kusa balaga a Zariya ko Kaduna, ya riƙe min shi.