Kafin a shafa asid a fuska

A sashen cututtukan fata babu aikin da ya yi kama da sauƙi kamar saɓar da fuska da sinadari. A goge maiƙo, a shafa asid, a jira 'yan mintuna, bayan kwana biyu ko uku tsohuwar fata ta fara saɓa. Amma shafawar ita ce ƙaramar wahala.

Yawancin hotunan littattafan da muka karanta na farar fata ne. A ma'aunin Fitzpatrick, wanda ya kasa fata gida 6 daga mafi fari zuwa mafi duhu, galibinmu muna gida na 5 da na 6, kuma irin fatarmu in asid ya zarce sai ta rama da baƙin tabo mai yin watanni bai tafi ba. Ɗauki asid ɗin gilaikolik, wanda asalinsa daga rake ne. Ba ya daina aiki da kansa, sai an kashe shi da ruwa ko bakabonet, wato hodar baking soda. A farar fata, ja ne ke cewa ya isa. A tamu jan ba ya fitowa sosai, don haka ido na kan agogo, kunne na wurin mai fuskar: "Yaya zafin yanzu?" Ga masu ƙuraje na fi natsuwa da asid ɗin salisilik mai ƙarfin kashi 20 zuwa 30. Shi kuwa fenol, mai shiga can ciki har ya taɓa bugun zuciya, ba namu ba ne.

Inda na fi daɗewa shi ne tambaya. "Hajiya, me kike shafawa?" Sai ta ce basilin kawai. Ka dubi gaɓoɓin yatsunta sun fi bayan hannun duhu, ga siraran jijiyoyi sun bayyana a kumatu. Ba na musu da ita, cewa nake ta zo mini da robar man. Sau da yawa haɗi ne na bilicin mai kilobetasol, wani ƙaƙƙarfan maganin kumburin fata, wanda ya riga ya sirantar da fatar, asid kaɗan ma sai ya ƙona ta.

Amare su ne masu gaggawa, biki saura mako guda. Ita kuwa fata tana son shiri na mako 2 zuwa 4 da man kariya daga rana, sannan zama ɗaya ba ya isa. Irin waɗannan nakan ce su je su sha bikinsu, mu haɗu bayan an watse.