Yadda Ake Gane Shekarun Dattijo Daga Haƙoransa

Duk wanda ya saba shiga kara a Gombe idan layya ta gabato ya san cewa mai saye ba ya gamsuwa da maganar dillali sai ya buɗe bakin rago ya duba haƙoransa, domin a nan ake gane ko dabbar ta isa yanka. Likitoci masu binciken gawa da masana masu tone-tone a kufai su ma sukan duba haƙori idan an kawo musu ƙwarangwal ɗin da ba a san mai shi ba, saboda ya fi komai tauri a jikin ɗan Adam, kuma yana jure wuta da ruwa da daɗewa a ƙasa fiye da ƙashi.

Idan yaro ne, aikin ba shi da wuya. Haƙorin turmi na farko na dindindin yana fitowa a wajen shekara 6, na biyu a wajen shekara 12, na ƙarshe kuma daga shekara 17 zuwa ashirin da 'yan kai. Wahalar tana farawa ne bayan girma ya tsaya, lokacin da ba abin da ya rage a auna sai lalacewa, ita kuwa lalacewa ba ta tafiya daidai ga kowa. Dattijon da ya tashi yana cin tuwon garin da aka niƙa a dutse, wanda ba ya rasa ɓurɓushin tsakuwa, haƙoransa za su cinye fiye da na sa'ansa da ya rayu a birni yana cin shinkafa da burodi, alhali shekara ɗaya aka haife su.

Wannan ne ya sa masana suka koma duba cikin haƙorin. A 1950 wani likitan haƙori ɗan ƙasar Suwidin, Gosta Gustafson, ya tsara alamomi shida da ke ƙaruwa da tsufa, waɗanda suka haɗa da cinyewar kan haƙori, da janyewar dasashi, da ƙanƙancewar kogon da ke tsakiyar haƙori, da kuma yadda saiwa take komawa garai-garai har haske ya ratsa ta. Alamar ƙarshen nan ta fi sauran aminci, domin ba ruwanta sosai da irin abincin mutum. Ƙananan hanyoyin da ke cikin saiwar ne suke cika da ma'adinai sannu a hankali, daga tsininta zuwa sama. A kanta ne Lamendin da abokan aikinsa a Faransa suka gina hanyarsu a 1992, inda ake ɗaukar haƙori mai saiwa ɗaya a haska shi, a auna inda hasken ya kai, a haɗa da janyewar dasashi. Akwai kuma masu ƙirga zobban da ke taruwa a bayan saiwa shekara bayan shekara, da masu auna sauyin wani sinadari mai suna asfatik a ɗakin gwaji, wanda ya fi kusantar gaskiya amma yana da tsada kuma sai an lalata haƙorin.

Hanyar da na fi ganin ta dace da mu ita ce ta Kvaal da abokan aikinta a Norwe, wadda aka wallafa a 1995. Hoton eksre kawai ake ɗauka a auna faɗin kogon tsakiya, ba sai an cire haƙori ba. A wurin da ake gaggauta suturta mamaci, kuma ake ɗaukar taɓa gawa ba bisa larura ba a matsayin keta alfarma, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai akasarin hanyoyin nan suna da aibi ɗaya da ya fi damuna: suna rage wa tsoho shekaru. An ga haka ƙarara a cocin Spitalfields da ke Landan, inda aka tono gawarwaki kusan dubu tsakanin 1984 da 1986, ɗaruruwa daga cikinsu da suna da shekarun mutuwa a rubuce jikin akwatinsu. Da aka kwatanta ƙiyasin masana da abin da ke rubuce, sai aka tarar an mayar da tsofaffi da yawa masu matsakaitan shekaru. Saboda haka idan aka ce mutanen zamanin baya ba sa wuce shekara arba'in, ya kamata a tambayi da wane ma'auni aka auna, ballantana ma yawan mutuwar jarirai ne yake jawo matsakaicin lissafin ƙasa. Ga wanda ke neman mahaifinsa da ya ɓata kuwa, kuskuren ya fi ciwo, domin idan rahoto ya ce gawar ta ɗan hamsin ce alhali mai ita ya haura saba'in, iyalinsa za su wuce ta ba su sani ba. Ƙari a kan haka, tsoho sau da yawa ya riga ya zubar da haƙoran da za a auna.

Mafi yawan jadawalin da ake aiki da su daga haƙoran Turawa aka samo su. Asibitocin koyarwa na Bauchi da Gombe suna ɗaukar hotunan haƙora suna kuma cire waɗanda suka lalace, kuma da izinin masu su ana iya tattara bayanan a gina ma'aunin da ya dace da mutanenmu. Abin da zai ba da wahala shi ne sanin ainihin shekarun mai haƙorin, tunda dattawanmu da yawa ba su da takardar haihuwa, kuma 1 ga Janairu da ke kan katinsu cike gurbi ce kawai. Amma suna riƙe da lissafi irin nasu. Wani zai ce yana goye aka yi zuwan Sarauniyar Ingila, wato 1956, wata ta ce ta fara famfara ne shekarar da aka kashe Sardauna, wato 1966. Mai binciken da ya zauna ya saurare su da haƙuri, ya haɗa da shaidar tsofaffin ma'aikata da ɗaliban da makarantu suka rubuta shekarunsu, zai samu adadin da ya isa a fara aikin da shi.