Agogon Baba da faifan da na yi shekara tara ina ɗaurawa

Telana ne ya fara ƙorafi tun kafin ni kaina in san akwai matsala. Ana saura kwana goma Ƙaramar Salla na kai masa shadda, ya ɗauko tsohon kaftanina da zai yi awo da shi, ya juyo hannun hagu ya nuna mini. Bakin hannun ya cinye, ramin links ya buɗe, zaren aikin ya tashi kamar ɓera ya kwana a kai. Na dama kuwa lafiya lau. Ya ce, "Alhaji, ko dai in ƙara wa hannun hagu inci ɗaya, ko ka rage wannan faifan da kake ɗaurawa." Na yi dariya na ce ya ƙara incin. Haka aka yi ta yi mini ɗinki, hannu ɗaya ya fi ɗaya faɗi, ni da nake sayar da yadi a Kantin Kwari, kullum ina yi wa mutane wa'azin cewa kaya sai an yanka su daidai jiki.

Faifan nan, wato babban agogona, na saye shi a 2012. Faɗin fuskarsa milimita 47, kaurinsa 15, ga sarƙar ƙarfe mai nauyi kamar mari. A lokacin abin da ake yayi ke nan. Tun wajen tsakiyar shekarun 1990 da jarumin fim Sylvester Stallone ya riƙa fitowa da agogon Panerai mai milimita 44, sai Hublot ta fito da Big Bang a 2005, shi ma 44, manyan agogo suka zama alamar an samu. Mu nan ba mu san wannan tarihin ba. Hannun 'yan ƙwallo da mawaƙa muka gani, muka bi. A wajen ɗaurin aure kana miƙa hannu a gaisa, so kake a ga agogon kafin a ga fuskarka.

Ban taɓa tambayar kaina ko ina jin daɗinsa ba. Yana zamewa ya kwanta a kan ƙashin wuyan hannu, in na dafa ƙasa zan tashi daga sujada kan da ake saita lokaci ya soke ni a bayan hannu, har wurin ya yi baƙi. In zan ciro bandir daga tsakiyar jeri sai ya kama gefen na sama. Leshi kuwa sau biyu yana ja mini zare a gaban mai saye. Duk na ɗauka haka agogo yake.

A 2021 Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa. Bayan an raba gado, Hajiya ta kira ni ɗaki ta miƙo mini wani gwangwanin alawa, ta ce 'yan'uwana sun yarda in riƙe, tunda ni ne mai son agogo. A ciki akwai carbi, da tsohon fasfo, da Seiko 5 ɗin da ya sayo a Makka da ya je Hajji a 1982. Duk wanda ya tashi a cikin gari ya san irinsa: farin ƙarfe, kan saitinsa a ɓoye wajen ƙarfe huɗu, tagar rana da kwanan wata a wajen ƙarfe uku, ranar tana fitowa da Larabci ko da Turanci. Alhazan wancan zamani ko shi suke dawowa da shi, ko Rado, ko Orient. Na riƙe shi a tafin hannu na ji kamar kwabo. A idona na yarinta babban agogo ne, domin a hannun Baba na san shi.

Na kai shi Kasuwar Sabon Gari wajen wani dattijo mai gyara, irin masu ƙaramin akwatin gilas da madubin ido ɗaya. Na ce, "Baba, agogon jini ne, ya shekara bakwai a ajiye, ko zai tashi?" Ya buɗe bayan, ya kira ni da hannu in leƙa. Ya ce, "Ɗana, ba ruwansa da jininka. Ka ga wannan ƙarfen mai kamar rabin wata? In hannunka ya motsa sai ya juya, ya naɗe wani siririn ƙarfe a ciki, shi kuma ya riƙa warwarewa a hankali yana tura hannayen. In ya cika zai kai ka kusan kwana biyu a ajiye." Ya ce irin wannan ba a yi masa wani da hannu, girgiza shi ake yi in ya tsaya. Ya wanke shi, ya sa mai, ya sauya gilas da robar bayan. Da zai miƙo mini sai ya kalli faifan da ke hannuna, ya sa ma'auninsa a kan na Baba, ya ce 37. Bai ƙara komai ba.

Niyyata in ɗaura shi ranar Juma'a kawai, saboda tunawa. Makon farko duk lokacin da na kalli hannuna sai in ga kamar an rage mini wani abu. A majalisarmu kuwa na sha ba'a. Wani ya ce na aro na uwargida, wani ya ce kasuwa ce ta yi ƙasa har ta taɓa agogo. Amma a mako na uku na lura na daina cire agogo da zarar na shiga gida, abin da na shekara tara ina yi kafin ma in cire hula. Na sa kaftani, agogon ya shige ƙarƙashin hannun riga ya ɓace, sai na ɗaga hannu ya leƙo. Baƙin da ke bayan hannuna ya fara washewa.

Sai na yi abin da ya kamata in yi tun 2012. Na ɗauki tef ɗin shago na zagaya wuyan hannuna: santimita 16 da rabi. Na ɗora ruler a samansa, faɗin bai wuce milimita 52 ba. Na auna faifan daga ƙarshen ƙafafun sama, inda sarƙa take kamawa, zuwa ƙarshen na ƙasa, na samu 56. Wato ƙafafun a iska suke, sun wuce hannun gaba da baya, shi ya sa ba ya zama wuri ɗaya komai yadda na matse shi. Na Baba bai fi 43 ba. Wannan awon na ƙafa zuwa ƙafa shi ne abin da masu sayarwa ba sa faɗa, kuma ya fi faɗin fuska muhimmanci. Akwai kuma lissafin da ya ba ni mamaki. Milimita huɗu tsakanin 36 da 40 kamar ba komai ba ne a baki, amma da yake fuskar da'ira ce, filin mai 40 ya fi na 36 da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Tsakanin 37 da 47 kuwa ya haura kashi 60 cikin ɗari.

Daga nan na shiga bin labarin agogo, na tarar ashe ba ni kaɗai ba ne, masu son agogo a duniya sun juyo. A shekarar da na buɗe gwangwanin nan Rolex ta mayar da Explorer zuwa milimita 36, bayan ta ƙara shi zuwa 39 a 2010. Tudor ta yi Black Bay 58 mai 39 a 2018, ya samu karɓuwa, ta sake sauka zuwa 37 da Black Bay 54 a 2023. Tissot ta fito da PRX mai 40 a 2021, shekara na zagayowa ta kawo mai 35, maza suka yi ta saye. Kamfani ba ya rage kaya don Allah, sai ya ga inda kuɗi suka nufa. A ganina dalilin bai wuce biyu ba. Waya ta karɓe aikin faɗar lokaci, agogo ya koma abin ado kamar hula, ado kuwa dacewa yake so. Sannan mutane sun koma kan tsofaffin agogo, suka ga na maza a shekarun 1950 da 1960 yawanci tsakanin 33 ne da 36. Calatrava na farko da Patek Philippe ta yi a 1932 milimita 31 ne. Datejust na Rolex tun 1945 yake 36.

Wannan ne ya ba ni abin mayar wa majalisa. Na ce musu Muhammad Ali, wanda hannunsa ya yi biyun na kowa a nan, akwai hotunansa sanye da ɗan ƙaramin agogon Cartier Tank. Kuma in maganar na mata ce, kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya agogon hannu gaba ɗaya na mata ake ɗaukarsa, maza na aljihu suke riƙewa, sai da sojoji suka ga ba halin laluben aljihu a cikin rami. Ba wanda ya sauya ra'ayi a ranar, amma ba'ar ta ragu.

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma ya kama ni. Da na ga na gane hanya sai na fara saye da lamba. Na ga wani mai 38 a intanet, na ce ai 38 ƙarami ne, na biya. Da ya iso, ƙafafunsa dogaye ne miƙaƙƙu, ƙafa zuwa ƙafa 49, farar fuska kuma ba kewaye mai kauri, ya zauna a hannuna kamar mai 42. Farar fuska tana ƙara wa agogo girma a ido, baƙa tana rage shi, kamar dai yadi. Kuskure na biyu ya fi ciwo. Wani mai sayarwa ya turo mini hoton tsohon agogo mai 34, fuska shuɗiya tana ƙyalli, farashi kamar kyauta. Dattijon Sabon Gari ya buɗe ya ce fuskar fenti ce aka sake, injin haɗe-haɗe ne daga agogo uku. Tsohon agogo mai shekara arba'in da ya fi sabo sheƙi, a kuɗin cefane, ni da nake Kwari bai kamata a kama ni da wannan ba.

Na uku laifina ne ni kaɗai. Na saba alwala da faifan a hannu, sai na yi da na Baba. Da la'asar na ga hazo a cikin gilas. Na koma da gudu, dattijon ya busar da shi, ya yi mini faɗa irin na uba: tsohon agogo ko an sauya masa roba ba a ba shi amanar ruwa. Yanzu aljihun gaba nake sa shi kafin in ɗauki buta. Maɗaurin fata ma na gwada, watan Afrilu ɗaya gumi ya gama da shi, na koma sarƙa. Ita ma sarƙar na koyi matsar da ita rami ɗaya, domin hannu yana kumbura da zafi, ya saki da hunturu.

Ba zan ce ƙarami ya dace da kowa ba. Yayana wuyan hannunsa santimita 19 da rabi ne, ya gwada na Baba ya zama kamar maɓalli a jikin babbar riga, mai 41 ne daidai shi. Ni ma da na haura arba'in da biyar, kwanan watan nan sai na nesanta hannu nake karanta shi, da asuba kuwa hasken hannayensa ya mutu tuntuni. Kuma ina jin tsoron abin da na gani kwanan nan: samari suna neman ƙarami don an ce shi ake yayi, ba tare da sun auna komai ba, wato kuskurena na 2012 ne aka juya masa baya. Wani yaro a layinmu ya tambaye ni lamba nawa zai saya. Na miƙa masa tef na ce ya fara da hannunsa, in ya je saye kuma ya tafi da rigar da ya fi sawa, ya tsaya gaban madubi daga nesa, kada ya yarda da hoton waya, don kyamara a kusa tana kumbura agogo.

Sallar bana da na kai ɗinki na ce wa tela ya mayar da hannayen daidai. Ya ajiye almakashi ya kalle ni, ya ce, "Alhaji, an sayar da faifan ke nan?" Ban sayar ba. Yana nan a shago, na jingina shi a kan kanta kusa da kalkuleta, yaran suna duba lokacin salla da shi daga bakin ƙofa.