Takardar Tallar Shagon Ɗinkinmu da Na Buga Sau Biyu

A shekarar da muka tashi daga tsohon shagonmu muka koma wani layi a cikin Kurna, ni ne na dage cewa sai mun buga takardar talla kafin azumi ya kama, domin duk telan da ke Kano ya san cewa kakarsa tana farawa ne daga watan Sha'aban. Yayana, wanda shi ne mai shagon kuma shi ya koya mini ɗinki, bai so ba da farko, yana cewa tallar tela ita ce rigar da ke jikin mai ita, amma da ya ga tsofaffin masu kawo mana aiki ba su san inda muka koma ba, sai ya ce in yi yadda na ga ya dace.

Na yi dare uku ina tsara takardar a wayata da manhajar Canva, a kan girman A5, wato rabin takardar A4, mai faɗin milimita 148 da tsawon milimita 210. Tun daga nan na fara kuskure, saboda na ɗauka cewa tunda kuɗi zan biya, duk gurbin da na bari fari asara ce. Na jera babbar riga da kaftani da 'yar shara, na ƙara aikin hannu da aikin kwamfuta, na sa kayan makaranta, na ambaci shaddar da muke sarowa daga Kantin Kwari da hulunan da muke ajiyewa, har abubuwa suka kai goma sha biyu. Kowane layi na ba shi nasa salon rubutu da nasa launi, sunan shagon kuma na rubuta shi da Turanci da manyan baƙaƙe masu lanƙwasa, alhali yawancin masu kawo mana ɗinki Hausa suka fi karantawa. A fuskar waya, inda nake iya jan hoto da yatsa biyu ya girma, komai ya yi mini kyau ƙwarai.

A maɗaba'a, dattijon da ke kula da injin ya dubi aikin ya ce, "Ɗana, ka bari mu fitar maka da guda ɗaya ka gani a hannunka kafin mu saki sauran." Na ce masa sauri nake yi, a buga dubu kawai, kuma wannan gaggawar ita ce ta fi kowane kuskure tsada, domin duk abin da ya biyo baya da na gan shi a wannan takarda ɗaya.

Abin da ya fara buge mini ido da na kwance ƙunshin shi ne launi. Shuɗin da na zaɓa mai ƙyalli ya fito a dushe, yana neman komawa ruwan makuba, jan rubutun da na ɗora a kansa kuma ya nutse har sai mutum ya ƙanƙance ido. Daga baya dattijon ya bayyana mini dalili: waya da kwamfuta suna haɗa launi ne da haske iri uku, ja da kore da shuɗi, shi kuwa inji yana haɗawa da tawada huɗu a kan takardar da ba ta da hasken kanta, don haka akwai launuka masu ƙyalli da tawada ba za ta iya fitarwa ba ko ta wane hali. Hoton babbar rigar da na sa a tsakiya shi ma ya fito da hazo, saboda ta WhatsApp ya zo mini, kuma manhajar tana rage nauyin hoto idan ba a matsayin fayil aka tura shi ba. Hoto haɗuwar ƙananan ɗigogi ne, masu ɗab'i kuma suna son ɗigo 300 a kowane inci, wanda ke nufin hoton da zai cika faɗin A5 yana bukatar ɗigo kusan 1,750 daga gefe zuwa gefe, nawa kuwa bai kai rabin haka ba.

Sai batun baƙaƙenmu masu ƙugiya, wanda nake ganin masu tsara talla da Hausa ba su ba shi muhimmancin da ya kamata. Salon rubutun ƙawa da yawa ba su da ɓ da ɗ da ƙ, don haka manhajar ta aro su daga wani salon dabam, kuma a kan takarda kalmar ɗinki ta fito kamar shaddar da aka yi wa faci da atamfa. A wasu wuraren kuma ni da kaina na cire ƙugiyar don gudun wahala, sai aikin baƙin zare ya zama aikin bakin zare, abin da ya sa wani malamin makaranta da ke kawo mana ɗinki ya riƙa tambayata ko mun gano bakin zaren.

Waɗannan duka muni ne kawai, amma akwai kurakurai biyu da suka kashe amfanin takardar baki ɗaya. Lambobin waya uku na sa, na matse su a kusurwar ƙasa dab da gefe, ban san cewa wuƙar maɗaba'a tana yanke takardu ɗaruruwa a sara ɗaya ba, kuma tana iya gocewa da milimita ɗaya ko biyu. A wani ɓangare na ƙunshin, lambar ƙarshe ta tafi da yankan, lambar wayar Najeriya kuwa guda 11 ce, goma ba ta kiran kowa. Adireshin kuma "Kurna, Kano" kawai na rubuta, alhali duk wanda ya san unguwar ya san cewa wannan bai ishi mai Adaidaita Sahu ya kai fasinja ƙofar shago ba.

Duk da haka mun fara rabawa ranar Juma'a bayan an idar da salla, kuma a nan ne na ga abin da ban taɓa tunaninsa ba lokacin da nake kwance da waya a hannu. Mutane suna karɓa, su yi wa takardar kallo ɗaya suna tafiya, wasu su cusa a aljihu, wasu su sake ta a ƙasa. Can sai na hangi wani tsoho yana sunkuyawa yana tsince su ɗaya bayan ɗaya yana karkaɗe ƙura, sannan ya nufo ni ya nuna mini Bisimillar da na rubuta da Larabci a saman takardar don neman albarka. Ya ce, "Yaro, takardar da ka san za a taka, ko a ƙunshe ƙosai a ciki, ba a sa mata sunan Allah." Na ce, "Baba, na yi kuskure, Allah Ya saka da alheri," na kuma tsaya na taya shi tsincewa, kuma tun daga ranar Yaya ya hana a ƙara raba ko guda. Kwana biyu bayan haka wani Alhaji ya shigo riƙe da takardar yana son a yi masa aikin wuyan da ke jikin hoton, wanda ba aikinmu ba ne, wani abokina ne ya samo shi a intanet, kuma injinmu ba ya yin irinsa. Yaya ya ba shi haƙuri, ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata.

Bugu na biyu na zauna ne kusa da dattijon muka yi shi tare. Ya tambaye ni abu ɗaya da nake son mutum ya riƙe idan ya yi wa takardar kallo guda, na ce ɗinkin Sallah, sai muka sa wannan a sama da manyan baƙaƙe, a ƙasansa kuma ranar da za mu rufe karɓar aiki, wato 15 ga Ramadan, domin wannan ce tambayar da kowa ke yi wa tela. Hoton kaftani ɗaya muka sa, wanda Yaya ya ɗinka da hannunsa, na ɗauke shi a inuwa da safe na tura a matsayin fayil. Salon rubutu biyu muka yi amfani da su, bayan mun gwada kowanne da ɓ da ɗ da ƙ, baƙin rubutu a kan farin fili. Lambar waya ɗaya ce, an raba ta huɗu, uku, huɗu don sauƙin kwafa, an janye ta milimita 5 daga gefe, launin da ya kai bakin takarda kuma aka bar shi ya wuce layin yanka da milimita 3. Adireshi ya koma kwatance irin na baka, daga titin Katsina zuwa kwanar da ake shiga, da masallacin da muke kallo.

Da aka fitar da gwaji, na miƙa wa mai shayin layinmu, na bari ya duba kamar yadda mai wucewa zai duba, na karɓe, sannan na tambaye shi me ake yi, a ina, kuma zuwa yaushe. Ya amsa biyu daidai, ya rasa ranar, don haka muka ƙara mata girma kafin a buga guda ɗari uku. Waɗanda suka zo da ita kusan duk a ninke huɗu suka ciro ta daga aljihu, kuma na lura ninkin ya bi ta kan layin kwatancen ya fara goge shi, abin da zan matsar a bugu na gaba.

Ragowar bugun farko kuwa, mun yanke saman da ke ɗauke da Bisimilla da almakashi muka adana shi dabam, sauran kuma suna nan a kan teburin yanka, a bayansu muke rubuta awon masu kawo ɗinki.