Kujerar Gaba da Ragin Dubu Ɗari Bakwai

Shekara 14 na yi ina jan Fijo 406. Ita ta kai uwargida asibiti a haihuwa uku, ita ke kai mu Tambuwal duk sallah, an sha ɗaura mata buhunan gero har bayanta ya kusa shafar ƙasa, ba ta taɓa kwana da mu a hanya ba. Tsufa ne kawai ya cim mata. Da babbar 'yata ta fara cewa ƙawayenta na gane ƙarar motarmu tun kafin mu karyo kwanar makaranta, sai na sayar da ita, na haɗa da kwasar adashi da abin da albasar bara ta bari, na shiga neman sabuwa.

In na ce sabuwa kada wani ya ɗauka ta cikin leda nake nufi. A Sakkwato sabuwar mota ita ce wadda ba a taɓa ɗaura wa lambar Najeriya ba, ko da wani Bature ya shekara goma yana murzarta. Muna ce mata Beljiyam ko 'yar Kwatano, alhali da yawansu daga Amurka suka taso. Tun farkon Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu, shi ya sa mai hankali ke fara tambayar takardun kwastan kafin ya tambayi lafiyar inji.

Wata Asabar ce a watan Afrilu, irin ranar da ƙarfen ƙofar mota ke ƙona hannu. Mu uku muka je: ni, da bakanikena na unguwar Buzaye wanda ya san cikin Fijon nan fiye da ni, da ɗan ƙanwata da ke karatu a Jami'ar Ɗanfodiyo, wanda ya biyo mu don kawai a ɗana shi a sabuwar mota. Ba zan faɗi filin da muka je ba, ba kuma zan faɗi sunan kamfanin da ya ƙera motar ba. Ruwan toka ce, ƙirar 2012, mai ƙofa huɗu, but ɗinta zai ɗauki kayan sallar gidanmu duka. Ina ganinta na ji ta kwanta mini, sai na ɗaure fuska don kada dillali ya gane.

Bakanike ya yi aikinsa. Ya zaro sandar bakin mai ya murza a yatsa ya shinshina, ya bi bodi yana ƙwanƙwasawa don jin inda aka cike aka shafe da fenti, ya kwanta ya leƙa ƙarƙashi, ya kunna esi muka rufe gilasai. Minti biyu ba a yi ba na ji sanyi har cikin ƙashi. A garin da zafi ke wuce digiri 40 makonni a jere, wannan kaɗai rabin ciniki ne. Ya dube ni ya ɗan gyaɗa kai.

Mai filin, wani Alhaji mai fara'a, ya ce miliyan 11 da rabi. Na ce ya yi mini ragi. Ya ce in taya. Na taya miliyan 9.

"Albarka, Malam. Ko kuɗin da nis sawo ta ba ka kai ba."

Aka shiga abin da kowa ya sani. Ya kawo tashin dala da kuɗin kwastan da na tirelar da ta ɗauko ta, ni kuma na kawo tayoyin baya da suka suɗe da wani ɗan tsagu a fitila. Na yi kamar zan tafi, dillali ya riƙo hannun rigata. Kafin la'asar mun tsaya a miliyan 10 da dubu 400, ya rantse daga nan ko sisi ba zai sauka ba.

Duk wannan abin da ake yi, ɗan ƙanwata na tsugune a gaban gilashin motar ta ɓangaren direba, yana kwafar wata lamba a wayarsa. Sai ya jawo ni gefe.

"Kawu, motag ga akwai kiranye bisa kanta."

"Kiranye? 'Yar majalisa ta?"

Bai yi dariya ba. Ya ce kowace mota tana da lamba mai harafi da alƙaluma 17, ana ce mata VIN, tana nan a ƙasan gilashin gaba da kuma jikin ƙofar direba. Hukumar kula da lafiyar motoci ta Amurka, NHTSA, tana da shafi a intanet inda za ka zuba lambar, a gaya maka ko kamfani ya taɓa kiran motar a dawo da ita don gyaran wani aibi kuma ba a kai ta ba. Sau biyu ya zuba ta ƙi karɓa, sai ya tuna ba a sa harafin O da I da Q a irin wannan lambar, abin da ya ɗauka O ne ashe sifili ne. A karo na uku ta fito: kiranye ɗaya da ba a gyara ba, a kan jakar iska ta kujerar fasinjan gaba, abin nan da bakanikai ke kira iyabag.

Na ce wa Alhaji zan kwana da shawara.

Daren nan ban yi barcin kirki ba, karatu na yi a waya. Labarin da ya fi tsaya mini shi ne na Takata, kamfanin Japan da ya yi shekaru yana ƙera jakar iska yana sayar wa masu ƙera motoci. Ashe jakar ba famfo ke hura ta ba. Wani ɗan gwangwanin ƙarfe ne a bayanta ɗauke da sinadarin da ke kamawa kamar albarushi, ya cika ta da iska kafin ƙiftawar ido idan an yi karo. Takata sun yi amfani da ammonium nitrate, sinadarin da ake takin zamani da shi. Idan ya shekara da shekaru yana shan zafi da laima, yau zafi gobe sanyi, sai ya lalace, ranar da aka buƙace shi ya kama da ƙarfin da ya wuce kima, gwangwanin ya tarwatse, gutsattsarin ƙarfe su yi fuska da wuyan wanda aka ce za a kare. Wani karon ma bai kai a kwantar da mutum a asibiti ba, amma jakar ta kashe shi. Honda ta fara kiran motocinta a kan wannan tun 2008, abu ya yi ta faɗaɗa har ya shafi kamfanonin mota 19 da jakunkuna kusan miliyan 67 a Amurka kaɗai, kiranye mafi girma a tarihin motocin ƙasar. Fiye da mutum 20 suka mutu a can, wasu kuma a Malesiya. A 2017 Takata ta amsa laifi a kotun Amurka, aka ɗora mata dala biliyan 1, a watan Yunin shekarar ta durƙushe.

Na ɗan yi wa kaina ta'aziyya da cewa Sakkwato ba garin laima ba ne. Amma takardar da ke maƙale a gilashin motar ta nuna daga Texas, jihar Amurka mai zafi da laima, aka yi gwanjonta, ta kuma ratso teku, ta zauna a tashar jirgin ruwa, yanzu ga ta a ranar Afrilu ba rumfa.

Sai dai in faɗi gaskiya, abin da ya fi yawa a raina a daren ba tsoro ba ne. Murna ce. Na samu sandar dukan farashi.

Washegari na koma da wayar ɗan ƙanwata a hannu kamar mai sammaci. Alhaji ya saurara har na gama, ya yi murmushi.

"Malam, shekara ashirin ina sana'ag ga, ban taɓa jin mota ta halbe mai ita ba. Wanga zancen Turawa na. Su ko tabarmar ƙafa ta karkace sai su ce a maido mota."

Bai san ya faɗi gaskiya ba. A 2009 da 2010 Toyota ta kira miliyoyin motoci saboda shimfiɗar ƙafar direba na iya danne totur, da kuma totur mai maƙalewa. Ni a ganina kiranye ba abin kunya ba ne ga mota, duk manyan kamfanoni na yi. Abin dubawa shi ne an kai an gyara ko ba a kai ba. Kuma ban ɗauki Alhaji a macuci ba. A hoton WhatsApp ya ga motar ya biya, shi ma ranar ya fara jin zancen. Hadisi ya ce idan mai saye da mai sayarwa suka yi gaskiya suka bayyana, za a sa wa cinikinsu albarka, to amma mutum ba ya bayyana aibin da bai san da shi ba.

Na dage. Na ce duk mai ɗan boko da ya zo zai duba lambar nan, motar za ta kwana masa. Ya ce mutuwa ɗaya ce, in kwana ya ƙare ko a kan tabarma ne sai an tafi. Na ce haka ne, amma kuɗina ba ɗaya ba ne da na wanda bai sani ba. Dillali ya yi ta safa da marwa tsakaninmu, la'adarsa yake hange. Can Alhaji ya miƙo hannu.

"Kawo tara da ɗari bakwai. Na sallama, don kai na."

Ragin dubu 700. Na ba da kafin alƙalami dubu 200, na hau kabu-kabu zuwa Arkilla ina jin kaina kamar wanda ya kayar da Bakano a ciniki.

Uwargida na tankaɗen garin tuwo na zauna na ba ta labari tiryan-tiryan, har da kwaikwayon muryar Alhaji. Ba ta ɗago ba sai da na kai ƙarshe.

"Malam, wace kujera kac ce?"

"Ta gaba, gefen direba."

"Wa ka zama nan?"

Na yi shiru. Ta ci gaba da tankaɗenta, ta ce ba komai, dama so take ta san nawa aka yi mata kuɗi.

Da safe ina Buzaye. Gyaran kiranye kyauta ne, amma a wurin dillalan kamfanin can Amurka, tsakanin motata da wannan kyautar kuwa akwai teku. Bakanikena ya ce hanya uku ce. Ko a cire wayar jakar a bar kujerar ba kariya. Ko a sayo wata daga masu kayan Beljiyam, wadda aka ciro daga motar da ta yi haɗari, mai yiwuwa shekarunta ɗaya da wadda ake gudu kuma ciwonsu ɗaya. Ko a yi odar sabuwa dal daga waje, abin da ba a ɗaukowa kamar fitila ko madubi saboda akwai abin fashewa a ciki, ga kuɗi ga jira, ga neman wanda zai ɗaura ta daidai. Ragin da na yi ta taƙama da shi bai sayi ko ɗaya da hankalina zai kwanta da ita ba.

Sannan ya gaya mini abin da ya fi wannan tayar da hankali. Ya ce ni ina kukan jakar da ke da aibi, alhali motoci nawa ne ke yawo a garin nan ba jakar ma sam? Motar ta yi karo a can, jaka ta fashe, an sayo ta da araha a gwanjo, an liƙe murfin sitiyari an gyara gaban mota tsaf, ciki fanko. Ya nuna mini yadda ake ganewa: in ka murɗa makulli, fitilar jakar iska a gaban direba za ta kama na 'yan daƙiƙu sannan ta mutu. In ta ƙi mutuwa akwai matsala. In kuma ba ta kama ba ko kaɗan, to wataƙila wani ya riga ka zuwa wurin ya kashe ta da gangan. Ranar da muka je filin sanyin esi muka tsaya ji, ni da shi babu wanda ya kalli fitilar.

Na koma wurin Alhaji na ce na fasa. Ransa ya ɓaci, kuma yana da hujja, ciniki ya faɗa a gaban shaidu. Aka yi ta ja-in-ja har wani dattijo maƙwabcinsa ya sa baki, aka tsaya a kan ya riƙe kafin alƙalamina har wata motar ta iso. Na roƙe shi ya gaya wa duk wanda zai sayi mai ruwan tokar. Ya ce in sha Allahu.

Bayan mako uku ya kira ni. Ƙirar 2013, ɗan ƙanwata ya zuba lamba ta fito ba kiranyen da ke jira, fitilar jaka ta kama ta mutu. Miliyan 10 da dubu 600, kuma wannan karon ba ni da sanda, Alhaji ya san haka, ko naira bai rage ba. Launinta wani irin kore ne kamar miyar kuka. Uwargida ta ce ko a taron biki ba za mu ɓatar da ita ba.

Bayan babbar sallah na tsaya shan mai kusa da Gawon Nama, sai ga mai ruwan toka a layin da ke gefena, na gane ta da tsagun fitilar nan. An ɗaura mata lamba. Wani magidanci ne a sitiyari, matarsa a gaba da jariri a cinya. Na yi ta saƙe-saƙe, daga baya na fito na yi masa sallama, na ce ya gafarce ni da shisshigi. Na yi masa bayani daga farko, na nuna masa inda lambar take, na ce ko ba komai a riƙa zama da yaron a baya. Ya saurare ni da kyau, har yana gyaɗa kai. Da na gama ya ce:

"Kai nawa anka sallama maka ita?"

Na ce tara da ɗari bakwai.

Ya daki sitiyari da tafin hannu. Goma da ɗari uku ya biya. Ko man bai tsaya sha ba, ya fice daga layi ya ɗauki hanyar filin Alhaji, matar na gaba tana gyara wa jaririn hula.